Raunin Auduga da Zoɓo

Ko zan manta da duk ranakun da na yi a shagon nan, ban da wata Alhamis ta cikin damina, ranar da na ga aikin hannuna yana yawo a wayoyin mutane da sunan wata yarinya da aka ce an kusa kashewa. Ku da kuka zo koyon kwalliya bana kun ishe ni da tambayar abin da ya sa ba na barin a ɗauki hoton kwalliyar rauni sai hannuna da buroshi sun fito a ciki. Wata ma ta ce wai son a san ni ne. To ku saurara in faɗa sau ɗaya, kada a sake tambayata.

Ga wanda bai san tsarinmu ba, Madam Ladi ce mai shago, a nan unguwar Kakuri ta Kaduna. Ƙarƙashinta akwai mu manyan ma'aikata da ake bar wa fuskar kwastoma, sai 'yan koyo masu wanke buroshi da riƙe fitila. Yawancin aikinmu amare ne da 'yan biki. Amma jefi-jefi masu wasan kwaikwayo na coci ko na makaranta sukan zo a yi musu tsufa ko rauni, kuma ni Madam ke tura wa wannan, don shi kaɗai ne abin da nake da haƙuri a kansa a duniya. Kumburi da auduga nake yin sa: a yayyage ta siriri, a manna da gam ɗin gashin ido, a rufe da fandeshan, wato hodar fuska mai ruwa, sannan a bi da shunayya da ja da ɗan kore. Jini kuwa zoɓo ne mai kauri da zuma. Ba ya gudu, kuma idan ya bushe sai ya yi duhu kamar na gaske.

A lokacin Ista na shekarar da ta gabaci abin, matasan wata coci a Kamazou suka shirya wasa a kan mijin da ke dukan matarsa. Wata yarinya mai suna Rifkatu ce ta fito a matar. Na kumbura mata idon hagu har ya rufe, na fasa mata leɓe, na zubo jini daga kunne. Ƙawayenta suka yi ta ɗaukar hoto, ita kuma sai dariya take, har audugar ta ɗago a gefen ido. Na daka mata tsawa, ta nutsu, ta yi fuskar tausayi, aka ɗauka. Suka je suka yi wasansu, aka tafa musu, aka watse. Ba da daɗewa ba Rifkatu ta yi aure ta bi mijinta Jos. Ni har na manta da ita.

Ranar Alhamis ɗin, Madam ta kwashi 'yan koyo sun tafi Mahuta gyaran amarya, ni kaɗai ce a shago. Da hantsi sai ga Anti Saratu. Tsohuwar kwastomarmu ce, kuma shugabar wata ƙungiyar mata ta unguwarsu. Bari in faɗa tun yanzu, kada wata ta ɗauka 'yar neman suna ce: ni shaida ce matar nan ta taɓa yin jinyar wadda ba ta sani ba a asibiti. Zuciya gare ta, kuma zuciyar tana riga kanta gudu.

Ta zauna ta ce, "Zuwaira, yi min mai sauƙi, kada ya yi yawa. Bidiyo zan yi, daga nan mu wuce Trikania. Yau sai matar nan ta san yarinyar nan tana da gata."

Na ce, "Wace mata kuma, Anti?"

Ta juyo ta dube ni. "Ke a wace duniya kike? Adalci ga Blessing! Garin nan kaf abin da ake yi ke nan."

Na ji ana maganar a keke napep, amma ban ga komai ba, domin a satin babbar wayata ta faɗa bokitin wanki, ƙarama mai tocila nake riƙewa. Sai ta ba ni labarin yadda yake yawo. Wai wata Hajiya Talatu mai sayar da abinci a Trikania, wajen da direbobin manyan motoci ke tsayawa, ta lakaɗa wa 'yar aikinta Blessing duka da muciya saboda ta fasa kular miya. Wai yarinyar tana kwance rai a hannun Allah, Hajiyar kuma tana nan tana sayar da tuwonta. Anti tana magana hawaye na taruwa a idonta, ina ta ɗauke su da auduga kada su ɓata min aiki.

Ta miƙo min wayar. "Duba. Duba abin da ɗan Adam ya yi wa ɗan Adam."

Na karɓa na duba, sai buroshin ya faɗi daga hannuna. Na ƙara girman hoton. Idon hagu a rufe, leɓe a fashe, jini daga kunne. A gefen idon kuma ga wurin da audugar ta ɗago lokacin da yarinyar ke dariya, wurin da ya dame ni ranar don ban samu na manna shi da kyau ba.

Na ce, "Anti, wannan ba Blessing ba ce. Rifkatu ce. Kuma ba duka ba ne, kwalliya ce. Ni na yi mata, a kan kujerar nan da kike zaune."

Ta fizge wayarta. "Ke Zuwaira, ki ji tsoron Allah."

"Tsoron Allahn ne ya sa nake gaya miki. Auduga ce da zoɓo."

Ta kalle ni ta madubi, sannan ta faɗi abin da har yau idan na tuna yake min zafi. "Ai na sani. Dole ki kare 'yar'uwarki. Ku ba kwa taɓa ganin laifin naku."

Matar da nake gyara wa gira tun ina 'yar koyo, wadda ke kawo mana shinkafar Kirsimeti har shago, nake kai mata naman Sallah. Ban san Hajiya Talatu ba, ko tuwonta ban taɓa ci ba. Kun san bakina, da wata rana ce da na faɗi abin da zai raba ni da aikina. Na haɗiye. Na ce, "To Anti, wane asibiti aka kwantar da ita? Wa ya je ya gan ta? Ke kin gan ta?"

"Kowa ya sa a shafinsa. Har manyan mutane."

"Ban ce wa ya sa ba. Na ce wa ya gan ta. Rediyo ya faɗa?"

Ta ja tsaki. Ta ce wani ɗan jarida na gidan rediyo ya kira ta da safe, shi ma irin tambayoyin banzan nan yake yi, wai ba za su sa labarin ba sai sun ga yarinyar ko likitan da ya duba ta ko 'yan sandan da aka kai wa ƙara. Ta ce ta kashe masa waya, don an riga an saye su.

Daga baya ne na gane yadda abin ya haɗu. Hoton ya fara fitowa ne ba suna, ba unguwa, wai "wata baiwar Allah a kudancin Kaduna". Wani ya rubuta a ƙasa cewa sunanta Blessing. Wata ta ce ai ta san wata Blessing mai aiki a wurin Hajiya Talatu, kuma kwanan nan ba a ganin ta. Wani ya bi ta wurin ya ɗauki hoton rumfar ya manna. Muciya da kular miya kuwa, har yau ban san wanda ya ƙirƙiro su ba. Kowa ya kawo ɗan nasa ya ɗora, kuma babu ko ɗaya da ya taka ƙafa ya tambayi masu wanke-wanken wurin.

Na kira Madam, ba ta ɗauka ba, don doka ce a wurinmu ba a taɓa waya idan ana kan fuskar amarya. Lambar Rifkatu ba ni da ita. Hotunan ranar suna cikin wayar da ta sha ruwa. Ba ni da komai sai bakina, kuma an riga an yanke wa bakina hukunci.

Anti ta ce, "Ki gama min in tafi. Kwalliya ba ta kumbura ido. Ni ba yarinya ba ce."

Na ce, "In na yi miki irinsa yanzu fa?"

"Yi mu gani."

Na juya kujerar ta ba madubi baya. Na leƙa maƙwabta na karɓo zoɓo a gora, na ɗauko zumar da Madam ke gyaran jiki da ita, na haɗa da jan-baki mai ruwa tunda ba lokacin dafawa. Ban taɓa aiki da sauri kamar ranar ba, amma ban kuskure ba. Tana ta mita, wai ina ɓata mata lokaci, wai za ta gaya wa Madam. Na ce, "Ki rufe bakinki, Anti, leɓe nake yi." Da na gama na juyo da ita.

"Yesu!" Abin da ta faɗa ke nan. Ta kai hannu a hankali ta taɓa idon, kamar mai tsoron zai yi mata ciwo. Ta ɗaga wayar ta sa kusa da fuskarta, ta dubi hoton, ta dubi madubi.

Sai wayar ta yi ƙara a hannunta. Wata 'yar ƙungiyarsu ce, kuma ina jin muryarta daga inda nake tsaye: samari ba su jira kowa ba, sun riga sun taru a rumfar Hajiya, sun fara jifa. Anti ta miƙe ta yi waje ko jaka ba ta ɗauka ba. Na kwashi abin goge kwalliya, na ja ƙofa, na bi ta ina cewa, "Anti, fuskarki!"

Ta ce, "Bar shi. Shi zan nuna musu."

A lokacin ni ma na ga dabara ce mai kyau. Mai keken da ya ɗauke mu ne ya fara sa ni shakka. Sai waiwayowa yake, har ya ce wa Anti, "Madam, asibiti za mu fara zuwa ko? Wane marar imanin ne ya yi miki haka?" Na ce masa ya dubi hanya. Na sa Anti ta rufe fuskar da ɗankwali.

Tun kafin mu isa na ji ana jan ƙofofin shaguna ana rufewa, ɗaya bayan ɗaya, da rana tsaka. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan ƙarar, kuma ya san abin da ke biyo ta. A gaban rumfar an kifar da bencuna, tukunyar miya tana ƙasa, kuka da man ja sun malale har bakin kwata. Hajiya da masu aikinta sun kulle kansu a ɗan ɗakin ajiya na kwano da ke baya, duwatsu suna sauka a kai. A ɗaya gefen titin kuma wasu samarin, masu goyon bayan Hajiya, sun fara taruwa, su ba su ce komai ba tukuna, amma hannuwansu a baya suke. Na ga wani cikin masu jifan yana zuƙo fetur daga tankin babur yana zubawa a gorar ruwa.

Mutane suka ga Anti suka buɗa mata hanya, ana "Mama ta zo, Mama ta zo." Ta hau benci, ta ɗaga hannu, ta yaye ɗankwalin.

Ban taɓa jin ihu irin wannan ba. "Sun doke ta! Sun doki Mama!" Wayoyi suka tashi sama kamar an ba da umarni. Tana ta cewa, "Ku tsaya, ku ji, ƙarya ne," amma ba mai jin ta, bakin kawai ake gani yana motsi da leɓen da na fasa. Wata mata ta faɗi tana kururuwa. Mai gorar fetur ya nufi ɗakin kwanon. Abin da muka kawo don ya kashe wutar shi ne ya zama fetur na biyu, kuma da hannuna na yi shi.

Ban yi tunani ba. Na ture wanda ke gabana, na haye bencin, wani ya riƙe min hijabi na fizge. Na kama kan Anti da hannu ɗaya, na sa farce a gefen idon, na ɓare kumburin gaba ɗaya. Mata suka yi ƙara, sun ɗauka naman fuskarta na cire. Na ɗaga shi sama. Auduga ce, fara fat ta ciki. Idon Anti kuma ga shi a buɗe, lafiya ƙalau, yana kallon su.

Wurin ya yi tsit. Anti ta lakato jinin da ke haɓarta ta sa a baki, ta ce da ƙarfi, "Zoɓo ne! Zoɓo ne da zuma! Yarinyar nan ce ta yi min yanzu a shago. Hoton da muke yawo da shi ma ita ta yi, na wasan coci ne a Kamazou. Ba wanda ya doke ni. Ni ce na kira ku, kuma ban bincika ba."

Na miƙa audugar ga wani dattijo bakanike da ke kusa. Ya murza ta, ya shinshina, ya miƙa wa na gefensa, ta yi ta bin hannu. Wani ya yi wata 'yar dariya ta kunya. Mai fetur ya sauke gorar a ƙasa a hankali ya matsa gefe, kamar ba tasa ba. Amma ba kowa ya sauko ba. Wani saurayi ya ce, "To ina Blessing ɗin? Su fito da ita!"

A nan ne wani mutum siriri mai jaka a kafaɗa ya matso. Ashe shi ne ɗan jaridar da Anti ta kashe wa waya. Tun safe ya zo wurin, kafin taron, ya yi abin da babu wanda ya yi: ya tambayi masu wanke-wanke, suka ba shi lambar Blessing. Tana ƙauyensu wajen Kachia tana jinyar mahaifiyarta, Hajiya ce ma ta ce ta tafi. Layin ƙauyen ne ba ya shiga, sai yanzu ya samu. Ya buɗe muryar wayar ya ɗaga ta sama.

"Ni? Wa ya doke ni?" in ji Blessing. "Hajiya? Wace Hajiyar? Kai, don Allah ku bari. Ina mama Hajiya take, ku ba ni ita."

'Yan sanda suka iso an riga an fara zamewa. Na tsaya ina kallon yadda mutanen da suka cika titi suka ɓace, kowa ya zama mai wucewa. Aka buɗe ɗakin kwanon. Hajiya Talatu ta fito, dattijuwa ce ƙarama, ta girmi mahaifiyata, zaninta jiƙe da ruwan da suka yi ta zubawa a ƙofa don tsoron wuta. Anti ta durƙusa a cikin miyar nan tana kuka tana ba ta haƙuri. Hajiya ta ce mata, "Tashi, za ki ɓata kayanki." Sai ta dube ni. "Ke kika yi wannan abin?"

Na ce, "Ni ce, Hajiya."

"Allah ya ba ki hannu, 'yata." Ta juya tana kallon tukunyarta. "Wanda ya kifar da wannan na san shi. Ba ya cin yaji. Kullum daban nake zuba masa."

Wannan maganar ta fi duk ihun ranar tsaya min a rai.

Gidan rediyon ya sa labarin da yamma, da muryar Blessing da ta Hajiya da ta 'yan sanda. Waɗanda suka ji sun ji. A waya kuwa, gyaran bai yi tafiyar da ƙaryar ta yi ba, ko kusa. Anti ta yi bidiyo ta ba da haƙuri, aka ce an tsorata ta. Rifkatu ta ga hotonta daga Jos, ta rubuta a ƙasa cewa ita ce, kuma tana lafiya, aka zage ta tas, wai tana neman suna da jinin yarinya. A kan fuskarta! Hajiya ta sake buɗe rumfar bayan wani lokaci, Blessing ma ta dawo, amma wasu kwastomomin ba su dawo ba: wasu don kunya, wasu don har yanzu suna cewa ai ba a rasa wani abu ba. Ƙarshe ta tattara ta koma wajen ɗanta a Tudun Wada. Wanda ya fara sa hoton, ba a san shi ba har yau.

Da Madam ta dawo daga Mahuta na ba ta labari, ta zauna a kan kujerar kwastoma ta riƙe kai. Ta ce, "Kin kumbura wa Anti Saratu ido, kin bar min shago, kin je kin ɓare mata fuska a gaban jama'a?" Na ce haka aka yi. Sai ta ce daga yau duk kwalliyar rauni, hannu da buroshi su fito a hoton, kuma in ba wurin wasan za a wuce kai tsaye ba, ba mai fita da ita daga ƙofar nan.

Abin da na koya game da sana'armu shi ne, mu masu sa ido ya ga abin da babu ne. Amarya ta sani, mai wasa ya sani, mu mun sani. Amma hoto idan ya fita, shi kaɗai yake tafiya, ba ya ɗaukar bayaninsa. Game da mutane kuma, waɗanda suka cika titin nan ba duka mugaye ba ne. Da yawansu tausayi ne ya fito da su, kuma tausayin ne ya kusa ƙona tsohuwa a ɗakin kwano. Shi ya sa duk wanda ya turo min hoto da kuka da "a yaɗa don Allah", tambayata uku ce: wa ya gan ta, a ina take, wane gidan labarai mai suna da ofis ne ya je ya tabbatar? In ba amsa, a wayata yake mutuwa, ko da uwata ce ta turo.

Watan jiya wata 'yar gwaggona ta turo min hoto daga Zariya. Mace a tsaye kan benci, ido a kumbure, jini a haɓa, an rubuta a ƙasa wai shugabar mata ce da aka yi wa duka a Kaduna don ta nemi adalci. Anti Saratu ce. Na kira 'yar gwaggon tawa na ce, "Wannan auduga ce da zoɓo, ni na yi da hannuna." Ta ce, "Ke dai Zuwaira ba ki da tausayi." Kafin in ajiye wayar ta riga ta tura shi guruf ɗin danginmu.